Kwalliyar Yamai da Kuɗin Sabulu: Nazari Kan Taron 2019 da Abin da Ya Bari

Tun cikin azumin 2019 kawuna ya fara sayen fata. Baduku ne, ɗan Tawa, ya fi shekara 30 yana ɗinki a wata rumfa da ke tsakiyar Yamai, ba nisa da gidan tarihi. Ya ji a rediyo cewa shugabannin Afirka za su taru a garin cikin watan Yuli, kowa da ayarinsa na ministoci da ƴan jarida da ƴan kasuwa. Sai ya yi lissafi irin na mai sana'a: ko mutum ɗaya cikin goma ne ya sayi tsaraba, ai kakarsa ta yanke saƙa. Ya aika Maraɗi aka kawo masa jar fatar akuya, rabi kuɗi hannu rabi bashi, ya ƙara yara biyu a rumfar. Wata la'asar na same shi da basilla a hannu, ƙwaryar kuloko a gefe, alabe da jakunkuna da tumtum jere kan tabarma har babu wurin sa ƙafa.

Na ce, "Kawu, duk wannan na baƙi ne?"

Ya ce, "Na baƙi ne, ɗana. Gari ya yi wanka, mu ma ai sai mu yi."

Da rumfar nan nake so in auna taron Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai daga 4 zuwa 8 ga Yulin 2019, da gine-ginen da aka yi dominsa, da abin da ya rage wa ƴan gari bayan jiragen baƙi sun tashi.

Sai an tuna ƙanƙantar Yamai kafin a gane saurin da ta yi. A 1926 Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram suka kawo ta nan bakin kogi. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen garin ba su wuce dubu 30 da ɗoriya ba, amma ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita kaɗai ta yi ta ɗaukar mota da raƙumi da ɗalibin jami'a zuwa Harobanda, ƙetaren kogi, har shekara 40, sai a 2011 ta samu ƴar'uwa, wadda ƙasar Sin ta gina. Kuɗin uraniyom na zamanin Seyni Kountché ya bar otal ɗin Gaweye da babban zauren taro da ke kusa da shi. Wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci na Disambar 2005 su ma sun bar nasu. Wato dai tun da can garin nan ba ya yin sabon ɗinki sai in ana jiran baƙo.

Da Mahamadou Issoufou ya hau mulki a 2011 sai ya kawo shirin Niamey Nyala. Nyala a Zabarmanci ita ce kwalliya, kuma ba a ɓoye manufar ba. Sauran manyan garuruwa ma an yi musu irin ta ta hanyar bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba mai zagaya jihohi: Doso a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa Sakola a 2017. Na je gida Tawa a wannan shekarar, na ga kwalta da fitilu a inda muka yi ta wasan langa cikin rairayi, kuma ba zan yi ƙarya ba, raina ya yi fari. A Yamai kuwa gadojin sama aka fara da su: ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, ta Diori Hamani a 2018. Da taron ya matso sai aiki ya koma dare da rana. Aka sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, aka shimfiɗa babbar hanya daga can zuwa tsakiyar gari, otal-otal uku manya suka tashi kusan lokaci guda, Radisson Blu da Bravia da Noom, ga kuma cibiyar taro ta Mahatma Gandhi.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne wa ya biya, kuma ta ina zai fanshe. Kuɗin nan daga aljihu uku suka fito, kowane da halinsa.

Akwai aljihun ɗan kasuwa. Kamfanin Summa na Turkiyya shi ya zuba sama da biliyan 100 na sefa a filin jirgi, bisa yarjejeniyar zai riƙe filin shekara 30 yana karɓar kuɗin shiga kafin ya miƙa wa ƙasa. Shi ne kuma ya gina Radisson Blu. Noom na rukunin Teyliom ne, na wani attajiri ɗan Sanagal, Bravia kuwa jarin Indiyawa ne. A irin wannan tsari gwamnati ba ta fitar da kuɗi a ranar gini, abin da ke sa shi daɗin faɗa a bakin ɗan siyasa. Sai dai kuɗin ba sadaka ba ne. Duk mai hawa jirgi daga Yamai yana biya a cikin tikitinsa, alhaji ne ko ɗalibi ko mai zuwa Dubai saro kaya, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗan kasuwa kuma ba ya sa jarinsa sai inda akwai ƙofar da zai tsaya ya karɓi kuɗi. Filin jirgi yana da ƙofa, ɗakin otal yana da makulli.

Akwai aljihun ƙasashe abokai. Indiya ce ta ba da cibiyar Gandhi, Sin ta gina gada ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, wadda aka buɗe a farkon 2021. Mai kyauta yana son abin da za a gani daga nesa, a liƙa allo da tutarsa. Ba laifi ba ne, haka zumuncin ƙasashe yake tafiya. Sai aljihu na uku, baitulmali da rancen bankuna, wanda ya ɗauki hanyoyi da gadojin sama, kuma shi ne mafi rauni, don shi ɗin ne dai ke biyan malaman makaranta da sojojin da ke daji.

To, akwai abubuwan da ba su da ƙofar karɓar kuɗi, ba su kuma da kyan hoto: magudanar ruwa, kwasar shara, madatsar bakin kogi, rumfar ɗan tireda, albashin mai share gidan tarihi, fentin da za a sake yi bayan shekara biyar. Ba wanda ke gayyatar makaɗa don yanke ƙyalle a bakin kwalbati. Waɗannan su ne aka bar wa aljihun da ya fi kowane rami.

Kafin kwalliya kuma an yi aski. A 2016 aka bi manyan titunan Yamai aka kwashe shaguna da rumfunan da ke bakin hanya. Hujjar ita ce wuraren na jama'a ne, kuma da yawa an gina su ba bisa ƙa'ida ba, wanda gaskiya ne. Amma wani ɗan ƙanen mahaifiyata da ke gyaran salula a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe ya wayi gari ya tarar da jan fenti a ƙofarsa, bayan kwana kaɗan katafila ta zo. Ya shekara yana biyan kuɗin wuri ana ba shi rasit. Ya kwashi abin da ya saura a baro, ya koma cikin lungu inda mai wucewa ba ya ganinsa, cinikinsa ya faɗi da fiye da rabi, daga baya ya tafi Libiya. Irinsa suna da yawa. Ƙaramar Kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habu Ganda, ta ƙone a 2012, masu kayan miya da nama da kifi suka watsu cikin gari, filin ya daɗe a killace a tsakiyar birni. Kwatanta da Babbar Kasuwa, da ta ƙone a 1982 aka sake gina ta aka mayar da ƴan kasuwa a 1987. A ganina nan ne shirin ya fi yin kuskure: an san inda baƙo zai kwana tun kafin ya sayi tikiti, amma wanda aka tasa daga bakin hanya sai aka bar shi ya nema wa kansa.

Taron ya zo, kuma an yi shi lafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ke fama da hare-hare a iyakokinta. Shugabannin ƙasashe wajen 30 suka sauka. Ranar 7 ga Yuli aka ƙaddamar da fara aikin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, kuma a nan Yamai Muhammadu Buhari ya sa hannu a madadin Najeriya, Patrice Talon a madadin Benin, bayan dogon jan ƙafa. Na kalli abin a talabijin a fadarmu ta Bukoki muna shan shayi, har waɗanda ba sa ga maciji da gwamnatin sun yi shiru suna kallo. Sunan garin ya shiga tarihi.

Kawu kuwa bai ga baƙo ba. An toshe hanyoyin tsakiyar gari, sai mai takardar shaida ke wucewa. Baƙin suna fita daga otal su shiga mota mai baƙin gilashi, ta sauke su a zauren taro, ta mayar da su. Tsaron da ya sa taron ya yiwu shi ne ya raba su da gari. A cikin kwana biyar ɗin, wasu ƴan jarida biyu ne da wani direban ayari suka leƙo rumfar, cinikin bai kai jikka 40 ba. Kwastomominsa na kullum ma ba su samu hanyar zuwa ba. Da na je yi masa jaje, dariya ya yi ya ce shi ne ya yi wa kansa alkawarin da ba wanda ya yi masa. Bashin fata ya ɗauke shi har bayan Babbar Sallah.

Masu shirin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce taro ɗaya ba ya biyan otal, manufar ita ce Yamai ta zama garin tarurruka, har aka kafa hukuma ta musamman don farauto su. An kuma samu: ministocin harkokin waje na ƙungiyar ƙasashen Musulmi sun taru a nan a Nuwambar 2020, Tarayyar Afirka ta dawo da taron masana'antu a Nuwambar 2022. Matasa sun samu aiki a otal-otal, direbobi da masu dafa abinci da masu fassara sun ci. Hanyoyin ma suna nan. Wanda ya san cunkoson bakin kasuwar Katako kafin gadar sama ya san an samu sauƙi, kuma mai taksi yana yin sawu fiye da da. Gada ta uku ta rage wa manyan motocin Burkina ratsa tsakiyar gari. Ba na cikin masu cewa ba a yi kome ba.

Amma arzikin da aka jingina da baƙo yana da lalurarsa, Hausawa kuwa sun riga sun ce baƙo raɓa ne. Wata takwas bayan taron, a Maris ɗin 2020, korona ta shigo, aka rufe filin jirgi aka killace Yamai. Ranar 9 ga Agusta aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu a Kure, wurin raƙuman dawa, kilomita kamar 60 daga birni. Daga nan Faransa ta shafa wa kusan duk taswirar Nijar jan launi, Turawan da suka rage a gari suka daina yawo. Su ne fa masu sayen sarƙar azurfa ta Agadas da bargon saƙar Zabarmawa da jakar Kawu.

Sai ruwa. Kogin Kwara yana cika sau biyu a Yamai. Akwai ruwan da ke tasowa daga Gine, mai isowa cikin sanyin hunturu a hankali. Akwai kuma jan ruwa na damina, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa daga wajen Burkina, shi ne mai zuwa da fushi. Yashin da koramu ke zubawa ya cike cikin kogin shekara da shekaru, don haka ruwan da da yake wucewa yanzu sai ya nemi gefe. A Satumbar 2020 ma'aunin Yamai ya kai wajen santimita 700, alhali jan layin gargaɗi 620 ne. Madatsar Lamorde, wadda aka ƙarfafa bayan ambaliyar 2012, ta ɓalle. Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga suka sha ruwa, aka kwashe dubban mutane zuwa makarantu da filin sukuwa. Na tsallaka gadar Kennedy da magariba zan taya wani abokina kwashe kaya a Karaje. Ɗakinsa na laka ya zauna kamar an jiƙa fura, muka fito da katifa da tukunyar gas da takardun makarantar yaransa a cikin kwale-kwale, a kan titin da jiya-jiya ake bi da babur. Da muka juyo kan gada, ga fitilun sababbin otal ɗin can a ɗaya gaɓar suna haskawa a kan ruwan. Tsakaninsu bai kai tafiyar minti 20 a ƙasa ba. Abokina bai ce kome ba, ni ma ban ce ba.

Jirgin ƙasa kam ba sai an daɗe a kansa ba. An buɗe tasha a 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo kilomita kamar 140 zuwa Doso, aka yi bikinsa a farkon 2016, shari'a ta taso a Benin kan wanda ke da haƙƙin layin, aikin ya tsaya. Dogon yana nan kwance, wani wuri rairayi ya binne shi, wani wuri awaki ke kwana a kai.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya fallasa wani ramin da kwalliya ta rufe. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi. Da ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi aka yanke layin a farkon Agusta, sai birnin da ke da otal masu tauraro biyar ya koma rabon wuta unguwa-unguwa. Tashar Goru Banda ta 2017 ta riƙe abin da za ta iya, mai aiki da hasken rana ta megawat 30 ta shigo a ƙarshen shekarar ta rage zafi. Madatsar Kandaji kuwa, da aka aza harsashinta tun 2008 don ta ba da megawat 130 ta kuma daidaita ruwan kogin, ba a gama ta ba. Da a ce ita aka yi wa gaggawar da aka yi wa filin jirgi, da labarin 2023 ya sha bamban. Air France ta daina zuwa, ofishin jakadancin Faransa ya rufe, iyakar Gaya da Benin ta toshe. Abin mamaki, ranar 6 ga Yulin 2024, saura kwana ɗaya a cika shekara biyar cif da bikin kasuwar bai ɗaya, a Yamai ɗin dai shugabannin Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi taronsu na farko na ƙawancen Sahel, bayan sun sanar da ficewa daga ECOWAS. Gine-ginen ba su da jam'iyya, duk wanda ya zo sai su karɓe shi.

Ina al'adu a cikin duk wannan? Gidan tarihi na Boubou Hama an kafa shi a 1959, ya girmi ƴancin ƙasar. Wanda ya tsara shi ya yi tunani mai kyau: ɗakunan tufafi da kayan kiɗa, ƙasusuwan dabbobin farkon duniya da aka haƙo a hamadar Agadas, kututturen itacen Tenere da wata mota ta kayar a 1973, gidan namun daji, da rumfunan da maƙera da masaƙa da dukawa ke aiki a gaban mai kallo. Yana nan tsakiyar sababbin otal ɗin, tafiyar ƙafa kawai. Da an ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na jarin, a ce kowane taro yana da yammaci ɗaya da za a kai baƙi can, ko a sa wa otal-otal sharaɗin sayen kayan adonsu daga masu sana'ar gida, da fatar Kawu ba ta kwana ba. Cibiyar Oumarou Ganda tana ɗauke da sunan mutumin da ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972, amma matashin da ke son ya nuna fim ko ya yi atisayen wasan kwaikwayo a Yamai yau ya san wahalar samun zaure mai wuta da sauti. Shekaru da yawa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar ce ke cike wannan giɓin da laburarenta da dandalinta. A Oktobar 2024 aka cire mata sunan Jean Rouch aka sa na Moustapha Alassane, kamar yadda titin de Gaulle ya koma na Djibo Bakary. Na ji daɗin sunan, mutumin ya cancanta, a Tawa ma ya yi zamansa. Abin da nake jira in gani shi ne layin kasafin kuɗin da zai sayi littattafai ya biya mai gyaran fitila.

Wani abu da na lura da shi: al'adar da ba ta girgiza ba duk cikin shekarun nan ita ce wadda ɗan gari ke biya da aljihunsa. Kokawa, da aka fara gasar takobinta a Tawa a 1975, ba ta taɓa jiran jirgin Faris ba. In ana karawa, musamman in Issaka Issaka na Doso ya shiga fili, kasuwa kan yi tsit, kowa ya manne da rediyo. Gidan tarihin kansa ba ya cika sai ranar sallah, lokacin da yara daga Talaje da Lazare da Gamkale ke tururuwa da sababbin kaya su ga zaki da dorina, masu alewa da masu hoto su yi cinikin wata guda a kwana biyu. Ƙauyen masu sana'a na Wadata ya fi motsi in ana baje kolin sana'o'in mata, kuma yawancin masu saye matan Yamai ne. Kasuwar tana nan, ba a dai yi lissafi da ita ba lokacin da ake zana taswira.

Kawu ya gano haka da kansa, ba da shawarar kowa ba. Ya daina ɗinka alabe mai zanen raƙumi. Yanzu takalma yake yi na sallah, da jakar makaranta, da kuben wuƙa na mahauta, da tumtum na ɗakin amarya. Ribar kowane ɗaya ba ta kai ta Bature ba, kuma matan Yamai sun iya taya kaya har mutum ya ji kunya, amma ba sa yankewa. Yaro ɗaya ya rage a rumfar, ɗayan ya koma Tawa.

Kafin Babbar Sallar da ta wuce na leƙa shi. Cikin kayan 2019 saura tumtum uku, rana ta cinye jan da ke jikinsu, a kansu yake zaunar da masu jiran gyaran takalmi. Ya miƙo mini salularsa ya ce in ɗauki hoton wasu sababbi guda shida da kyau, in tura wa wata hajiya a Bobiyel da za ta aurar da ɗiyarta. Na tura ta WhatsApp. Ba a yi minti biyu ba muryarta ta shigo, tana cewa kore ya yi yawa, kuma a rage mata jikka biyu a kowane. Kawu ya karɓi salular ya kai bakinsa, ya danna, ya fara da tambayar lafiyar maigida da yara.